Dosar Baba Arumugam a ƙasan tuli

Ilango ya yi furfura yana rubuta manhajar kwamfuta a birnin Coimbatore na Indiya, kuma duk ofishinsu an san shi da son abu ɗaya: tuli. Ka kawo masa kowace matsala, zai ɗauko jeri mai miƙewa daga rumbun kayan haɗa manhaja, ya mai da shi tuli. Kamar farantai ne, wanda ka ɗora ƙarshe shi za ka fara ɗauka, in wuri ya cika jerin ya ƙara wa kansa tsawo.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya surukinsa ne, Baba Arumugam, wanda har yau bai yarda wannan sana'a ba ce. "Zaman danne-danne," in ji shi.

Da Valli, matar Ilango kuma 'yar Baba, za ta buɗe shagon dosa, wato wainar shinkafa irin tasu, Ilango ya ga dama ta samu. Ya rubuta manhajar da ke kai odar masu ci zuwa kicin, da tulinsa mana. Ya gwada da oda ɗaya ɗaya, lafiya lau.

Ranar buɗewa odar Baba aka fara karɓa, don shi ne babba. Sai jama'a suka yi ta shigowa. Kowace sabuwar oda ta hau kan ta baya, jerin kuwa sai miƙewa yake abinsa. Wanda ya shigo yanzu ya ci ya tashi, tsoho na zaune da ganyen ayaban da ake zuba abinci a kai fayau a gabansa.

Valli ta leƙo daga kicin. "Maigida, ina dosar Baba?"

Ilango ya duba manhajar. Ya gane: tana can ƙasan tuli, ba za ta fito ba sai kowa ya ci. Kunya kamar ya nutse.

Ya kai dosar da kansa. "Baba, ka yi haƙuri, laifina ne."

Tsoho ya tsoma dosa cikin miyar kwakwa, ya tauna a hankali.

"Wane laifi? A gidanmu mai gida ke ci a ƙarshe, bayan baƙi. Na'urarka ta san ni ba baƙo ba ne. Ashe kana koya mata tarbiyya."

Washegari Ilango ya mai da manhajar layi, na farko ya fara ci. Odar Baba ce kawai ya bari tana komawa ƙarshe.