Wuta Ma Tana Numfashi

Jiya ruwan wankan jaririna ya ƙi zafi. Murhu sai hayaƙi, yaro yana ta kuka, hankalina ya tashi. Warin hayaƙin ne ya tuno mini da Inna, uwar mijina.

Ranar da na fara girki a gidanta a Mahuta, na cusa itace har bakin murhu ya toshe. Ta tsuguna, ta zare guda biyu, ta kwashe toka da sakaina.

"Ɗiyata, wuta ma numfashi ta ka yi. Kin shaƙe ta, ƙaƙa za ta yi maki aiki?"

Haka na yi jiya, ban kira kowa ba, wuta ta tashi. Inna, har yau ke ce ke ɗumama jikanki. Allah ya sanyaya makwancinki.