Jiya na Dutsen Kura, Mai Ɗaukar Marasa Lafiya a Mashin

Idan aka idar da sallar asuba a masallacin layinsu da ke unguwar Dutsen Kura a Minna, Jiya ba ya tsayawa hira. Gida yake komawa, ya turo mashin ɗinsa ya kafe shi a ƙofar zaure. Sauran 'yan acaɓa inji suke fara dubawa, shi kuwa daga baya yake farawa. Zai danna sitin fasinja da tafin hannu ya ji ko soson ya kwanta. Zai hau ya zauna a wurin ya ɗan girgiza jiki, don ya ji yadda shoka ke karɓar nauyi. Zai taɓa ƙarfen taka ƙafa, ya matsa tayar baya. Idan iska ta yi mata yawa sai ya rage, domin taya mai tauri duk dutsen da ta taka sai na baya ya ji shi a ƙugunsa. Sai ya gama wannan duka yake leƙa tanki. Haka ya yi sama da shekara ashirin. A daminar bana ya daina.

Banufe ne, daga Bida mahaifinsa ya zo Minna ya zauna. Ɗaliban jami'ar da ke Gidan Kwano ba sa son hawan mashin ɗinsa, wai kafin ya kai su an tashi daga darasi. Abokan sana'arsa Kunkuru suke kiransa, yana amsawa kuma. Fasinjojinsa daban ne: tsofaffi, masu juna biyu, waɗanda aka sallamo daga asibiti, mutanen ƙauyukan bayan Gwada inda mota ba ta shiga idan ruwa ya sauka.

Ni ta dalilin yayata Zulaiha na san shi. An yi mata aiki a nan Minna aka ciro jariri babu rai. Da aka sallame ta, ta ce ita gida take so, wurin 'ya'yanta, a wani ƙauye can gaba da Gwada. Ɗinkin bai gama kamewa ba, ko tari ta yi sai ta dafe ciki. Muna tsaye a bakin ƙofar asibiti muna shawara, wata mai shara ta ji mu, ta ce, "Ku nemo Jiya. In ba shi ba, kada ku ɗora ta a kan komai."

Ya zo, dogo, siriri, ba mai yawan magana ba. Ya ninka bargo ya shimfiɗa a kan sitin, ya zaunar da ita a kaikaice, ya ce in tattara mata bakin zani kada taya ta kama. Na lura ya ɗaura katako a jikin salansa, wato bututun hayaƙin mashin, don kada ya ƙona ƙafar fasinja.

"Malama, ba sauri muke ba," in ji shi. "In kin ji ɗinkin ya ja, ki ja gefen rigata, zan tsaya."

Na hau wani mashin na bi su a baya. Tun daga inda kwalta ta ƙare na ga aiki. Ba ya taka rami, kewaya shi yake yi, in babu hanyar kewayawa sai ya sauke ƙafafu biyu ya ratsa da ita kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa. Da muka isa wani rafi mai duwatsu, ya sauka, ya bar ta a zaune, ya tura mashin ɗin da hannu, ruwa har gwiwarsa. Zulaiha kuka take yi tun daga Minna, ba na ciwon jiki ba. Bai ce mata ta yi shiru ba. Da ya sauke ta a ƙofar gidan mijinta, cewa kawai ya yi, "Allah ya sa mai ceto ne," ya juya. Ɗinkin bai motsa ba.

Kai ne, Jiya, ka gane cewa wanda ke baya ba ya ganin ramin da ke tafe, ba shi da abin riƙewa, ya miƙa maka jikinsa ne kawai. Jiya mijin Bintu, mai tafiya da ciwon wani.

Akwai labarin da ba shi ya ba ni ba, domin ba ya ba da labarin kansa. Rilwanu ne ya ba ni, wani manomi daga wajen Gwada. Mahaifinsa, Malam Mamudu, ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji, ranar nan abin ya tsananta. Aka kira Jiya. Aka sa tsohon a tsakiya, aka ɗaure shi da rawaninsa a bayan Jiya, Rilwanu ya zauna a ƙarshe yana tallafe da shi. Sun hau kwalta, har sun fara hango gidajen Minna, sai Jiya ya ji kan tsohon ya yi nauyi a tsakanin kafaɗunsa. Ya gangara gefen titi ya tsaya a inuwar wani mangwaro. Suka duba. Malam Mamudu ya cika.

Suka juya da shi. Rana ta take, Rilwanu yana so a kai ga binnewa kafin la'asar, amma ya ga Jiya na kewaya ramuka kamar yadda ya yi da suna zuwa.

"Baba Jiya, ka ƙara wuta," in ji Rilwanu. "Ai ya riga ya tafi, ba abin da yake ji."

"Mahaifinka ne har yanzu," in ji Jiya. "Ni kuma ban sauke shi ba tukuna."

Rilwanu ya ce daga nan sai ya kwantar da goshinsa a bayan mahaifinsa har suka isa. An yi jana'izar a kan lokaci.

Yanzu da yawa daga ƙauyukan nan sun watse. 'Yan bindiga sun kori mutane, wasu daga cikin waɗanda Jiya ya saba kaiwa gida ba su da gidan da za a kai su. Shi ma nasa ya same shi. Ciwon baya ne ya fara masa tun bara, ya sauko ƙugu, ƙafar hagu ta fara mutuwa har ta kai ba ta iya taka giya. Likita ya ce ƙashin bayan ya ci jiki, ya bar hawa mashin.

Na je gaishe shi makon jiya. Na tarar da shi kwance a tabarma rigingine, an tusa masa matashi a ƙarƙashin gwiwa. Mashin ɗin na zaure an lulluɓe shi da buhu. Matarsa Bintu ta yaye buhun ta nuna mini sitin. Wajen fasinja tudu ne mai laushi, wajen direba kuwa fata ce kawai a kan ƙarfe.

"Soson gabansa yake yankewa ya ƙara wa na baya," in ji ta. "Na yi magana har na gaji. Dubi inda ya kai mu."

"Bintu, bar wannan zancen," in ji shi daga ciki. "Kawo wa baƙo ruwa."

Ban sani ba ko wannan ne sanadin ciwon. Ita dai haka ta yarda, ban kuma yi mata musu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ta faɗa da ta rako ni. Ruwa ya cinye layinsu, keke napep ba ya shigowa, dole sai da mashin ake fitar da shi titi idan zai je asibiti. Zuwan da suka yi na ƙarshe, wanda ya ɗauke shi bai bar rami ko ɗaya bai faɗa ba. Da aka sauke shi ya kasa tsayuwa, ya durƙusa a bakin kwata, hawaye na zuba. Bai yi wa mai mashin ɗin faɗa ba. Ya ce masa, "Allah ya ba da sa'a," shi kuma ya riga ya yi gaba.

Jiya, babu wanda zai ba ka lambar yabo, ƙungiyarku ta 'yan acaɓa ma ba ta aiko kowa ba. Amma Zulaiha na gaishe ka, Rilwanu na gaishe ka, ni ma na gode. Allah ya sauƙaƙa maka, ya sa wannan ciwo ya zama kaffara.

Ku kuma matasan da kuke kan mashin a yau, ku riƙa tambayar wanda kuka ɗauka ko lafiyarsa ƙalau kafin ku ja. Ku sassauta in kun ga rami. Ranar Alhamis mai zuwa Jiya zai koma ganin likita, kuma har na baro gidan Bintu ba ta san wanda za ta amince ya ɗauke shi ba.