Dankalin da Ke Ƙarƙashin Gadon Inna

Wani ɗan ƙurus-ƙurus ne ya fara fitowa daga ƙarƙashin gadon Inna, irin na ɓera idan ya samu ƙwaryar gyaɗa. Ranar Alhamis ce da ba mu da lakwal, wato makarantar boko, bayan azahar, a ƙarshen shekarar 1984, shekarar da gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. Ina zaune bakin ƙofa ina tsince tsakuwa daga jar dawar taimako, Inna kuwa ta idar da salla ke nan tana lazimi. Ta miƙa hannu ta ɗauki tsintsiya, ta yi mini alama in ɗaga zanen gado. Da na ɗaga, ashe ba ɓera ba ne. Hassi ce, autar Gwaggo Hajo, ƴar yarinyar da ba ta isa shiga lakwal ba, ta kwanta rub da ciki ta huda gefen buhu tana gurgurar ɗanyen dankalin turawa. Inna ta jawo ta, ta sa yatsa ta ƙwaƙulo abin da ke bakinta, don ɗanyen dankali mai tsiro yana ɓata ciki. Kukan yarinyar ya kawo uwarta da gudu, kuma a ranar ce Gwaggo ta san abin da aka ajiye a ɗakin.

Babanmu malamin gona ne. Daga wajen Tahoua aka kawo shi aiki Yamai, muka zauna gidan haya na ƙasa a Talladje, inda aka haife ni. Kullum da sassafe yakan hau mobilet ɗinsa ya bi ƙauyukan bakin kogi, ya dawo da magariba ƙafar wandonsa duk ƙarangiya. A waccan shekarar gwamnatin soja ta ce kowa ya kama noman rani, rediyo ba shi da wata magana sai ta garka da rijiya. Aka ba Baba irin dankalin turawa, wanda mu a nan muke ce wa kwambitar, don matan wata garka da aka shata a gefen wani ƙauye kan hanyar Kollo. Magazar ofis, wato ɗakin ajiya, rufin kwano ne, zafi yana ruɓar da irin, shi ya sa ya kawo buhun gida ya tura shi inda ya fi sanyi da duhu, har ya fid da tsiro. Gwaggo Hajo kuwa yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Fari ya kore ta daga ƙauye, mijinta ya yi kudu neman abin kai baki, ita ta zo mana da yara da tabarma da tukunya guda. Tun zuwansu tuwo ya koma sau ɗaya a yini, Inna tana kwasa tana auna malmala da ido, ita kuma ta tsaya ga ƙanzo ta ce shi ta fi so.

Da Baba ya dawo, ko ruwa bai sha ba Gwaggo ta tare shi a tsakar gida. Ta ce, "Issufu, ashe abinci kake kwantarwa ƙarƙashin gado, ɗiyata tana yini da yunwa? Boko ne ya koya maka haka?" Baba ya sunkuyar da kai kamar yadda yake yi mata tun suna yara, ya ce, "Yaya, wannan iri ne, kuma ba nawa ba ne. Akwai mata da ke jiransa." Ta ce ciki bai san na gwamnati ba. Kowa ya san a zamanin nan ma'aikacin da ya taɓa kayan jama'a soja ba ya yi masa da wasa, amma ban ji Baba ya fake da wannan ba. Abin da ya ce kawai shi ne, tukunya za ta cinye buhun nan cikin mako, ƙasa kuwa za ta mayar da shi ninki, kuma zai nema wa Gwaggo nata kwami, ɗan fegin shuka, a garkar. Ta yi tsaki ta shige ɗaki. Kwana da kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa sai da ka.

Ban taɓa ganin zama mai nauyi irin na makonnin nan ba. Buhu yana nan, kowa ya san yana nan, ba mai maganarsa. Mukan je ɗibar ruwa famfo, mu yi ƴar carafke a ƙofar gida, mu dawo, idon kowane yaro sai ya zame ya leƙa ƙarƙashin gado. Inna ta ɗinke hudar da zare mai kauri, ta riƙa jan ƙofa idan za ta fita, tana yi tana istigfari kamar ita ce ta yi laifi. Ni kuwa Baba ya ba ni aiki. Zabarmancinsa bai nuna ba, matan ƙauyen kuma kunya ba ta barinsu su tambayi baƙon namiji, don haka ya ce hoto zai yi masa magana. Inna ta farke tsohon buhun fulawa ta wanke ta kalmashe bakinsa, ni kuma, da yake hannuna yana da kyau a zane, na zana masa dankali da idanunsa, da wuƙa, da rami, da mace tana tura ƙasa gindin shuka. Ya riƙa naɗe shi a sanda yana ɗaurewa bayan mobilet. Har yau ban yi wani aiki da na ji kaina ya kai wannan girma ba.

Ranar shuka da ni aka je, don in juya magana. Mata sun taru a inuwar gawo, waɗansu ƴan garin, waɗansu irin Gwaggo da fari ya koro. Baba ya rataye zanena a reshe, ya shimfiɗa tabarma ya zazzage buhun. Sai ya ɗauki dankali ɗaya ya nuna idanunsa, ya yanka shi gida-gida, kowane yanki da tsironsa, ya birkiɗa shi cikin toka. Yana faɗa da Hausa, ina maimaitawa da Zabarmanci, tsofaffi suna dariyar yadda nake ɗaga murya kamar mai shela. Baba ya san abin da yunwa take sa mutumin kirki, saboda haka bai ba kowa iri a zane ya kai gida ba. Yankakken ya sha iska a inuwa, sannan kowace mace ta tsaya bakin raminta, a miƙa mata, ta saka, ta rufe yana kallo. Gwaggo ta karɓi nata ba ta dube shi ba. Na ji tana gunaguni, wai tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa binne abinci da hannunta ba.

Amma Gwaggo manomiya ce, kuma manomi ba ya fushi da abin da ya tsiro. Da ganyen ya leƙo, ita ce ta fara zuwa rijiya ta kuma ƙare tashi. Ta samu ɗaki wajen wata tsohuwa a ƙauyen, takan zo mana ranar Juma'a kawai, hannayenta sun tsattsage don jan guga da sanyin safiya. Ta koyi cewa "fonda goy" ga maƙwabtanta, su kuma suka koyi "sannu da aiki". Kwaminta ya yi kore shar, har ta fara amsa gaisuwar Baba da baki.

Sai ganyen ya fara rawaya. Baba yana can rangadin wasu ƙauyuka, kuma ko da yake ya gaya musu tun farko haka zai yi, idon da ya ga gero ya mutu a damina ba ya tuna magana. Ga launin nan dai, ga kwanciyar nan dai. Dankalin Hausa da suka sani ana haƙarsa ganyensa yana ɗanye, don haka suka ce wannan ya mutu. Waɗansu suka daina zuwa, wata ma ta ce a buɗe wa awaki. Gwaggo ta zo gida ba ranar Juma'a ba, ta naɗe tabarmarta ta ɗaure tukunya, ta ce wa Inna za ta bi sawun mijinta ko da bara ne. Allah ya sa Baba ya dawo washegari. Bai yi mata gardama ba, ya roƙe ta dai ta raka shi garka sau ɗaya kafin ta tafi. Muka tsaya kan kwaminta, ganye ya kwanta kamar tsumma. Ya miƙa mata kalme, ƴar fartanyar noma, ya ce, "Yaya, wannan ba sama yake ajiya ba. Tona gefe, a hankali." Ta tona ba da son ranta ba. Sai ta ajiye kalmen ta sa hannu. Ɗaya ya fito, wani ya biyo shi, wani kuma, fari tas, suna maƙale da juna. Ta zauna dirshan a ƙasa tana ta tonawa tana ambaton Allah, hawaye yana sauka kan hannunta. Matan da ke leƙe daga bayan shinge suka watse, kowa ta nufi nata kwamin.

Da la'asar Gwaggo ta shigo gidanmu da kwano cike a ka, ta sauke gaban Inna, ta dubi Baba ta ce, "To Malam gona, wannan ma na gwamnati ne, ko an yarda mu ci?" Baba ya yi dariya har hularsa ta karkace. Gwaggo ba ta tafi kudu ba. A garkar nan ta tsufa, nan mijinta ya dawo ya same ta.

Yanzu dankali tuli-tuli ne a kasuwa, jikokina ma sai an soya shi da mai suke yarda su ci. Shawarar noma kuma an ce a waya ake aiko ta, kuma na yarda tana da amfani. Sai dai nakan yi kewar mutumin da zai tsaya bakin rami tare da kai har ka rufe, ya kuma jure fushin yayarsa don amanar matan da ko sunansa ba su iya faɗa daidai ba. Allah ya jiƙansa da Inna da Gwaggo. Ilimi sai da mai haƙurin kai shi. A ranar da Gwaggo ta kawo kwanon nan an dafa mana dankalin da gishiri kawai, na kama ci hannu baka hannu ƙwarya ina ƙone harshe, sai Hassi ta taɓa gwiwata ta ce, "Yaya Zuwaira, ci a hankali. Inna ta ce gobe ma akwai."