Kujerar Injiniya Tajuddeen

Tajuddeen ɗan Malam Bawa ne, manomin Kucheri, amma in ka tambaye shi garinsu sai ya ce Gusau. Tun yana saurayi ba ya shiri da fartanya. Duk ranar da yayyensa za su fita noman gero ciwon kai ke kama shi, ba ya kuma sakinsa sai an sauke tuwo. Da uban ya gaji, ya tura shi Gusau wurin wani mai shagon kwamfuta. Ko damina guda bai cika ba ya dawo da tabarau marar magani, da jaka a kafaɗa, da sabon suna: Injiniya. Ba wanda ya raɗa masa, shi ya raɗa wa kansa.

Ya fara zama a tashar Tsafe yana tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a waya. Da ya kashe wayar wani direba garin gyara, zaman garin ya gagare shi. Haka ya faɗa Bungudu, hannun Hajiya Uwani, tsohuwar malamar firamare da ta buɗe shagon buga takardu bayan ta yi ritaya. Kwamfutoci huɗu ne a shagon, kowacce da wayarta da ta taso daga akwatin intanet, ta bi ta ƙasa. Akwai kuma Mansura, mai buga rubutu, bazawara da 'ya'ya biyu, wadda ita ce ke riƙe da shagon a gaskiya.

Abin da Tajuddeen ya fara nema shi ne kujera mai juyawa, mai tayoyi. Ya ce injiniya ba ya aiki a kan benci. Hajiya ta sayo. Daga nan ba ya taka ƙasa a shagon, sai dai ya tunkuɗa kujerar daga wannan bango zuwa wancan, yana ba da umarnin da ba wanda ya nema.

Ana tsakiyar rajistar jarrabawa, ɗalibai sun yi layi har bakin titi, babbar kwamfutar ta daina samun intanet. Sauran ukun suna aiki lafiya. Mai hankali da ya fara duba wayar da ke bayanta. Tajuddeen kuwa ya gyara tabarau ya ce sabis ne babu a garin.

"To waɗanga fa, da mi suke aiki?" in ji Hajiya.

"Hajiya, wannan fannin ba a fahimtarsa da ido."

Ya kashe ya kunna. Ya kashe akwatin intanet ɗin ma, aikin kowa ya tsaya, wata yarinya da ta kusa gama cike bayananta ta koma farko. Ya bubbuga kwamfutar da tafin hannu kamar mai zaɓen kankana. Zufa ta fara keto masa, don ya ga idanun ɗalibai a kansa, kuma a duniya ba abin da yake tsoro kamar a ce bai sani ba. Sai ya miƙe ya sanar cewa bairos ne, wato cutar kwamfuta, maganinsa kuma a goge komai a sake zubawa.

Mansura ta ce, "Malam Tajuddeen, aikin mutane na ciki. Bari in kwashe tukuna."

"Ke da kika kawo cutar?"

Ya goge. Katunan biki suka tafi, da hotunan aikin Hajjin Hajiya, da kundin kammala karatun wata ɗaliba, Husna, wanda Mansura ta daɗe tana bugawa. Bayan duk wannan, intanet bai dawo ba.

Biro ne ya faɗi masa, ya sunkuya ɗauka, sai ya gani. Wayar intanet ɗin babbar kwamfutar tana kwance a ƙarƙashin kujerarsa, tayoyin sun murƙushe ta har jan ƙarfen ciki ya fito. Ba Husna ce ta faɗo masa a rai ba. Ya waiga, ba mai kallon ƙasa. Ya aiki Mansura sayo ruwan sanyi, ya ce ɗalibai su fita iska ta shigo, ya zaro wata waya daga kwali ya sauya, ya cusa matacciyar a jakarsa. 'Yar fitilar bayan kwamfutar ta kama ƙyaftawa.

"Na fitar da bairos ɗin," ya ce wa Hajiya, yana share goshi. "Amma a riƙa lura da abin da wasu ke sokawa a na'ura."

Hajiya ba ta kori Mansura ba, sai dai ta yi mata faɗa a gaban mutane. Mansura ta sake buga wa Husna kundinta daga rubutun hannu, shafi bayan shafi, ranar da ta gama ta yafa mayafinta ba ta sake dawowa ba. Aiki ya koma hannun Injiniya, mai buga rubutu da yatsa ɗaya. Masu kawo takardu suka janye, kafin shekara ta zagayo Hajiya ta mayar da shagon wurin sayar da atamfa.

Yanzu yana Gusau, yana wuni a ƙofar shagon wani abokinsa. In baƙo ya zauna kusa da shi, ba a jimawa zai ji labarin bairos ɗin Bungudu. A bara daga Legas aka turo shi. A bana daga ƙasar waje ne, kuma saura kaɗan ya cinye kwamfutocin garin gaba ɗaya.