Sallahun da Hajiya Adisa ta kai Sardiniya

A benenmu na titin Grand Concourse a New York ba a yin tafiya a ɓoye. Da an ga mutum ya sayo akwati, kafin ya kai hawa na huɗu labari ya riga shi, sai sallahu ya fara shigowa: wannan da man shafawa ga ƙanwarta, wancan da takalmi ga ɗansa. Ni Raudatu mai kitso na daɗe da ajiye kunya, tun ban buɗe akwati ba nake cewa ta cika. Hajiya Adisa, maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa, ba ta taɓa iya wannan ba.

'Yar zangon Tarkwa ce a ƙasar Gana. Mahaifinta leburan layin dogo ne, ita kuma ta tashi tana tallan koko da ƙosai a tasha, tana miƙa wa fasinjoji ta taga, jirgi na tashi tana bin sa da gudu don ta karɓo kofinta. A New York ta haura shekara ashirin tana kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, magani, juya su a gado. Da wannan aiki ta yi wa 'ya'yanta karatu, ta sauke farali. Kullum jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba D take shiga, kuma kullum sai ta kushe shi. Wai wannan ba jirgi ba ne, rami ne mai taya.

A shekarar 2017 likita ya gaya mata ciwon suga ya taɓa idonta, ganin zai yi ta raguwa. A lokacin wani tsoho ɗan asalin Italiya take kula da shi, kuma a gidansa ta ga hoton wani ƙaramin koren jirgin ƙasa a kan siririn layi, yana ratsa duwatsu a tsibirin Sardiniya. Akwai kamfanin da ke kwasar mutane ya haɗa su da jagora, ya kama musu masauki, su zaga tsibirin a wannan jirgi. Ta ce da ta gan shi sai ta ji ƙamshin baƙin man rigar babanta. Ba ta yi shawara da kowa ba ta sa sunanta.

Aka yi ta surutu. Ba gida ba, ba Umara ba, sai yawon kallon dutse kamar Baturiya? Ni ma na tofa tawa.

“Ƙanwata,” in ji ta, “shekara ashirin ina kallon bangon ɗakin mutane. Ina son in ga duwatsun nan kafin a kashe mini light.”

Daga ranar na ja bakina, na koma mai gadin ƙofarta, don mutanenmu da suka ji Italiya sai suka ɗauka duk unguwa ɗaya ce. Masu 'yan'uwa a Napoli da Brescia suka yi ta sallama da ledoji. Na yi ta bayani har maƙogwarona ya bushe cewa tsibiri ne, teku ce tsakani. Duk na kore su, ban da mutum ɗaya.

Habsatou 'yar Nijar ce, tana da teburin turare da gyale a bakin titi. Babban ɗanta Oumarou bai samu biza ba, ya bi ta Libiya ya shiga teku, jirgin ceto ya sauke shi a Sardiniyar nan, yanzu yana kiwon tumaki a gonar wani. Ta shigo da rigar sanyi da ƙullin yaji, ta zauna a bakin kujera.

“Yaya Hajiya, kayan nan hujja ce kawai. Shekara biyu muryarsa kaɗai nake ji. Kullum ya ce caméra ta lalace. Ki duba mini fuskarsa.”

Saura ƙiris in ce a rasa wanda za a aika duba fuska sai mai neman makancewa. Kafin in buɗe baki Hajiya ta karɓi ledar ta ce, “Yoo. Na ɗauka.”

Sauran labarin daga bakinta na ji shi. Sun yi waya da Oumarou, aka yi sa'a gonar na kusa da wata 'yar tasha inda jirgin ke ɗan tsayawa kafin ya fara hawan dutse. Wannan hawan shi ne zuciyar tafiyar, shi ne hoton da ta gani, kuma rana guda aka ware masa. Sai ta tsara abin irin na Tarkwa: ya tsaya a gefen layi, ta miƙa masa kaya ta taga, ta dube shi, jirgi ya wuce.

Kwanakin farko ta ce ta more. Kujerun katako, jirgi na rangaji yana kuka a kwana, har hawaye ta yi. Abokan tafiyar duk tsofaffin Turawa ne masu fansho. Hali zanen dutse, kafin kwana biyu ita ke ɗaure wa wani igiyar takalmi, tana tuna wa wata lokacin shan maganinta.

Ranar hawan dutse jirgi ya tsaya a 'yar tashar. Wani dogon saurayi ya matso ya yi sallama da Hausa. Ta miƙa ledar, ya karɓa da hannu biyu. Ta ware ido iyakar ƙarfinta, abin da ta gani kawai inuwar mutum ce da hula, da wani ƙyalle naɗe a wuya, alhali ana zafi. A Tarkwa daga taga takan gane fasinjan da zai gudu da kofi. Ta manta ba da waɗancan idanun ta zo ba.

Ta miƙe. Jagorar tafiyar, wata mace mai kirki, ta tare ta, ta ce jirgi zai tashi yanzu, ba zai jira ba, kuma babu wani bayansa yau. Hajiya ta tambayi sunan masaukin da za su kwana, ta riƙe ƙarfen ƙofa, ta lalubi matakala da ƙafa ta sauka.

Tana tsaye koren jirginta ya yi kuka ya ja. Ta ce ta bi shi da kallo har ya zama ɗigo ya sha kwana, kuma ba ta ɓoye mini ba, abin ya yi mata ciwo. Sannan ta juya ta kama kunnuwan Oumarou kamar na yaro, ta jawo kansa dab da idonta, ta zare ƙyallen. Tabon ƙuna ne tun daga kunne har ƙasan wuya. Fetur ne ya zube a kwalekwalen da ya ɗauko su, ya haɗu da ruwan gishiri ya ci masa fata.

“Inna, don Allah kada ki gaya mata.”

“Uwarka ba ta aiko ni in kai mata ƙarya ba. Tana can tana zana maka abin da ya fi wannan muni. Mu je in ga inda kake kwana.”

Ta wuni a gonar. Ta shafa katifarsa, ta buɗe tukunyarsa, ta ci burodi da cukun tumaki, ta ji yadda mai gonar ke kiran sunansa. Bayan la'asar mutumin ya kai ta masauki a motar ɗaukar ciyawa, ta hanyar kwari, inda babu abin gani sai shinge. Ta tarar da abokan tafiya suna ta nuna wa juna hotunan duwatsu.

Ranar da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba Habsatou ta shigo. Hajiya ta kama hannunta ta ɗora a kunnenta, ta ja shi zuwa wuya.

“Daga nan zuwa nan ya ƙone, amma ya warke sarai. Idanunsa lafiya, haƙoransa cif. Ya yi ƙiba a kumatu. Buzun sallarsa ya sha goshi. Kuma in ya yi dariya, ke ce sak.”

Habsatou ta yi kuka mai isarta, sannan ta ciro waya ta kira shi. Abin mamaki, a ranar kyamarar ta warke.

Kafin shekara ta zagayo idon ya tafi, sai dai ta bambance haske da duhu. Ta ajiye aiki, ni nake zuwa in yi mata kitso. Har yau abin na ci mini rai, don na san babu wata tafiyar kuma. Rannan ina tsaga mata kai na kasa haƙuri, na ce, “Hajiya, tsakani da Allah, kin ƙetare teku don duwatsun nan, ba ki gan su ba. Ba kya nadama?”



“Ina tuna su,” in ji ta. “Amma dutse ba shi da uwa mai jiran labarinsa. Sassauta hannunki, kina ja mini gashi.”