Davou da Shirin Ranar Alhamis

Duk wanda ya yi aiki da Davou a asibitin da ke kan Oxford Road a Manchester ya san ba ya gudu da gadon majinyaci, ko wa ke kiransa. An kuma san cewa in ka kuskura ka ɗauko zancen talabijin lokacin hutu, shayinka zai huce kafin ya gama magana. Shekara goma sha tara ya yi yana tura marasa lafiya daga ɗakinsu zuwa wurin ɗaukar hoto yana dawo da su, sai bara da gwiwa ta matsa masa ya ajiye aikin.

Ɗan Bukuru ne, kusa da Jos. Mahaifinsa ya yi aikin haƙar kuza, shi kuwa da ya gama sakandare sai ya samu aiki a wani gidan talabijin a Jos, a ɗakin da ake ɗora kaset. A nan ya haɗu da shirin da har yau bai daina zancensa ba: tsofaffin labaran wani mai binciken laifi, waɗanda Turawa suka ɗauko daga littattafai suka mayar wasan talabijin. Duk Alhamis da ƙarfe biyar na yamma ake sa shi. Davou ke ɗora kaset ɗin, abokinsa Gimba kuma ya fito gaban kyamara cikin babbar riga ya yi wa masu kallo bayani da Hausa, saboda waɗanda ba su jin Turanci. A lokacin, masu shago a kasuwar Terminus sukan juyo da talabijin ɗinsu bakin ƙofa, mutane su tsaya cirko-cirko har a gama.

Da aka sake yin labaran sabo fil, 'yarsa Zoe ta zaunar da shi a falo ta kunna masa. Minti goma ya daure, sannan ya ce:

"Wannan ai tsere ake yi, ba bincike ba. A na da, in mai binciken ya shiga ɗaki sai ya tsaya, kyamara ma ta tsaya. A nuna miki kofin da ke kan tebur, da taɓon da ke bakin ƙofa, da matar da ta ƙi kallon taga. Duk abin da ya gani ke ma kin gani. In ya riga ki ganewa, ba don an ɓoye miki komai ba ne."

Zoe ta amsa da Turancinta na 'yan Manchester, wai na da ɗin barci yake sa ta.

"To ai shirun nan shi ne aikin," in ji Davou. "Dattijon da ya fito a matsayin mai binciken, da gira kaɗai yake gaya miki ya kama ƙarya. Kuma da kyar ki ga jini. An kashe mutum, an ji ciwon mutuwarsa, ba sai an nuna miki hanjinsa ba."

Matarsa Rhoda ce ta tsinci faya-fayan tsohon shirin gaba ɗaya a wani shagon kayan gwanjo, cikin kwali mai yagaggen baki. Ta kawo masa, ya riƙa jujjuya kwalin kamar wanda aka aiko wa wasiƙa daga gida. Bai kai ga kunnawa ba Habibatu, matar Gimba, ta bugo waya daga Birmingham.

Gimba ya riga Davou zuwa Ingila, ya shekara ashirin yana tuƙin tasi, yana zaune a unguwar Sparkbrook. Wata biyu kafin wayar, ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta dawo, hannu ya fara dawowa, amma harshe ya yi nauyi.

"Baban Zoe, ba ya magana," in ji Habibatu. "Likita ya ce zai iya, kunya ce ke hana shi. In yara suka zo sai ya juya musu baya."

Davou ya tuna muryar da duk Filato ta sani. Ranar Asabar ya sa kwalin a jaka ya hau jirgin ƙasa, daga tasha ya shiga bas ya bi Stratford Road.

Ya tarar da Gimba a kujera kusa da hitar ɗumama ɗaki, ya rame, hular ta yi masa yawa. Suka gaisa, Gimba ya amsa da kai. Davou bai tambaye shi jiki sau biyu ba. Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo ya haɗa wayoyi, ya sa faifai. Da kiɗan farko ya tashi, sai ya ga yatsun Gimba suna bugun hannun kujera.

Sun kalli kashi biyu. Aka tsaya Gimba ya yi sallar azahar a zaune, Habibatu ta kawo gwate, faten mutanen Jos, da zafinsa. Da Davou ya sa na uku, aka nuno wani gidan gona da mai lambu yana yanke furanni, sai su biyun suka kalli juna.

Wannan kashin suna da tarihi da shi. Ranar da aka sa shi a Jos, saura minti goma a gama na'ura ta tauna kaset ɗin. Davou ya yi ta ja, abin ya tsinke a hannunsa. Shugaban sashe ya tura Gimba gaban kyamara ya ce ya san yadda zai yi. Gimba, wanda bai taɓa ganin ƙarshen ba, ya gyara rigarsa ya shaida wa jama'a cewa mai lambu ne ya yi kisan, an kuma kama shi. Kaset ɗin bai gyaru ba, ba a sake aiko da wani ba. Haka Jos ta tafi a kan mai lambu.

Yanzu, bayan kusan shekara arba'in, suka zauna suka ga minti goman nan. Mai binciken ya tara mutanen gidan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a natse, ya wuce mai lambu ko kallonsa bai yi ba, ya tsaya a gaban ƙanin mamacin.

Gimba ya fara dariya, kafaɗa na rawa, har hawaye. Sannan ya buɗe baki, kalmomin na fitowa a karkace amma ana ji:

"Allah sarki, bawan Allah. Na ɗaure shi a banza."

Habibatu da ke bakin ƙofa ta koma kicin da sauri. Davou ya yi kamar bai lura da komai ba, ya ce, "Ni na tsinka kaset, kai ka yanke hukunci. Tare za mu nemi gafararsa."

"Kai dai," in ji Gimba. "Hannunka ne."

Tun daga ranar, Asabar ɗin farko ta kowane wata Davou na hanyar Birmingham, wani lokaci da Rhoda. Maganar Gimba ba ta koma yadda take ba, kuma da wuya ta koma, amma yana musu, yana katse mutum, yana cewa a mayar baya bai ga fuskar matar da kyau ba. Sun ƙayyade wa kansu kashi biyu kawai a zama ɗaya don kada ya ƙare da wuri.

Habibatu ta ce ita ba ruwanta da wasan Turawa, amma kullum tana tsaye bakin ƙofa da ludayi a hannu. Sau uku ke nan tana riga su gano mai laifi. A watan jiya Gimba ya ce lallai leƙa faifan take yi in ba sa nan.

"Wane leƙe, Malam?" ta ce. "A wasan nan, mutum ya zo gaisuwar mutuwa, ya cinye abinci har ya nemi ƙari. Ku ne dai ba ku kallon kwano."