Fatar da ke kan sirdin keken Malam Ummaru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Ummaru ya rasu. Labarin ya iske ni yau da safe ina tsaye bakin famfo da buta a hannu. 'Yarsa Nana ce ta kira, ta ce, "Yaya Bello, Baba ya cika bayan asuba." Butar ma ban san inda na yar da ita ba.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Tun da na dawo nake rubutawa ina gogewa. Ba yabo kaɗai na zo yi ba. Akwai maganar da ta kamata in faɗa masa tun shekara uku da suka wuce, ban faɗa ba. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Shi ne hedimasta lokacin da aka fara turo ni koyarwa Illela, ban san kowa ba. Wata biyu ina cin tuwon gidansa kafin in samu ɗaki. Da na tashi aure, shi ya tsaya mini a matsayin uba.

Da ya yi ritaya mutane suka ce zaman gida zai kashe shi. Ina! Sai ma ya ƙara ƙuruciya. Da sassafe ya hau tsohon kekensa ya nufi hanyar Gidan Katta yankan ciyawa, ya dawo da dami a kariyar keken ya fi shi tsayi. Bayan gidansa kuwa kamar kasuwar dabbobi: zabi, agwagi, tantabaru, ga jajayen awaki. Kullum sai matarsa Inna Hajo ta yi faɗa don sun cinye mata kuɓewar da ta shanya, shi kuma yana dariya yana ba su haƙuri su, ba ita ba.

Da matata ta yi jinya, sati uku yana kawo ƙwan zabi a cikin hularsa don kada su fashe a hanya.

Awakin nan ba awaki ba ne kawai a wurinsa. Ya sha ba mu labarin. Ya ce lokacin da Nasara suka zo suna kafa alamun iyaka, aka wayi gari gidan su kakarsa ya faɗa ɓangaren Faransa, gidan mijin da za ta aura ya faɗa na Ingilishi. Da aka kawo ta, abin da ta riƙo daga gidan ubanta jar akuya ce guda, mai farin tabo a kwankwaso. Duk awakin Malam jikokin wannan akuya ne, kuma jefi-jefi sai a haifi mai irin tabon.

Ranar sunan ɗiyata ta fari ya zo da ɗaya a ɗaure a kariya tana ta kuka. Mai tabon ce. Sunanta 'Yar Konni, don daga Konni kakarsa ta taho da irin.

Ya ce, "Bello, kiyo na ba ka, ba kyauta ba. Haihuwa biyu taka ce. Ta ukku in mace ta, ka maido mani, don kada iri shi ɓace."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

To ga abin da na yi.

An ɗauke ni daga aji aka kai ni ofis, kai ya fara girma. Wata rana manya suka zo daga Sakkwato, aka ce a gidana za su ci abinci. Matata ta ce a yanka kaji huɗu, sun isa. Na ce kaji? Ni da ake yi wa kallon mai tasowa? Na aika aka kira mahauci. Ya shafa cikin 'Yar Konni ya dube ni, ya ce, "Malam, wagga hwa kamar da ciki." Na daka masa tsawa, na ce ba likita na kira ba.

Tagwaye ne a cikin.

Baƙi suka ci suka yaba, ko sunana ba na jin sun riƙe. Fatar na ce mahauci ya tafi da ita, ba na son ganinta. Matata ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya.

Daga nan na shiga ƙarya. Duk inda muka haɗu sai ya taka birki ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ce, "Yaya 'Yar Konni?" In ce lafiya lau. Na ce na kai ta Lafani wurin surukaina, can akwai ciyawa. Wata rana ma, Allah ya yafe mini, na ce ta haihu. Ya ce, "Madalla." Ya taka kekensa ya wuce.

Shekara uku, jama'a. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina yi musu wa'azin gaskiya.

Daminar bara cuta ta shiga garkensa, ta share awakin tas. Da na ji, maimakon in je jaje, sai na sauya hanyar zuwa ofis don kada in bi ta ƙofar gidansa. Wallahi ina rubuta wannan ina jin kunya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati uku ke nan. Ya zo har gida da la'asar, ya jingine keke a bangon zaure, yana haki fiye da yadda na saba gani. Ya kwance damin harawa daga kariya ya ajiye kusa da turken da babu komai a kansa. Muka gaisa. Ya sha ruwa.

Sai ya ce, "Bello, ni hwa na tsuhwa. In da wata magana, yanzu a ka yin ta."

Na buɗe baki na ce, "Babu komai, Baba, sai alheri."

Ya miƙe, ya shafa sirdin kekensa, ya ce, "To. A ba ta harawa." Na raka shi bakin titi ina jin sauƙi wai na tsira.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga yi wa Inna Hajo gaisuwa. Na durƙusa, ban ma gama ba kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Inna, akwai abin da na ɓoye wa Baba."

Ta ce, "Akuya?"

Na gyaɗa kai.

Ta ce wa Nana ta turo keken. Aka kawo shi tsakar gida, zabi na watsewa. Inna ta ce in dubi sirdin. An lulluɓe shi da jar fata, ta sha zama har gashin ya fara kaɗewa. A gefe ɗaya ga farin tabo.

Ta ce, "Satin da ka yanka ta ya gane hwatar cikin kasuwa, wurin masu sayen hwatu. Ya saye ta ya kai anka jeme. Ni na so in aika a kira ka, ya hana. Ya ce ku bar Bello shi hwaɗi da bakinai. In munka riga shi, kumya za ta hana shi shigowa gidan ga, mu yi rashin akuya mu yi rashin ɗa."

Shekara uku yana tsayawa a gabana a kan wannan sirdi yana tambayata lafiyarta. Ni kuwa ko sau ɗaya ban dubi abin da yake zaune a kai ba, don ba na iya haɗa ido da shi balle kekensa.

Kuma kunyar ta hana ni zuwa gidan duk da haka. Abin da ya yi gudu, shi na yi masa.

Inna ta ce ya yafe tun ranar. Ta ce ya bar wasiyya a ba ni keken. Yanzu haka yana zaurena, kusa da harawar da ya kawo. Ban san ranar da zan iya hawansa ba.

Ya so in faɗa da bakina, to ga shi, ko da na makara.

Baba, na yanka 'Yar Konni tana da ciki, don a yabe ni. Irin da kakarka ta riƙo ya ƙare a tukunyata. Na yi maka ƙarya kana sane, kana yi mini murmushi.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Ummaru. Yadda ya rufa mini asiri shekara uku, ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka haskaka kabarinsa, ka ba Inna Hajo da su Nana haƙurin rashi.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In kun gama tasa, ku sa ni a ciki, na fi shi bukata.